Madarunfa: Tsofaffin wayoyi na yawo da giɓin tsaron da aka yi wa faci tun 2017

A garin Madarunfa, kamar sauran garuruwan kudancin jihar Maraɗi, Bluetooth ya daɗe da zama intanet ɗin wanda ba shi da kuɗin data. Da shi ake tura wa'azi da waƙa da hotunan biki daga waya zuwa waya, da shi ake haɗa waya da lasifikar shago ko abin saurare na kunne. Mutane da yawa sun kunna shi tun ranar da suka sayi wayar, ba su ƙara kashe shi ba.

Abin da mafi yawansu ba su sani ba shi ne, a cikin sashen babbar manhajar waya da ke karɓar saƙonnin Bluetooth an taɓa gano kurakuran da ke bai wa wanda ke kusa damar kutsawa cikin wayar ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Kamfanonin da ke rubuta manhajojin sun fitar da faci shekaru da suka wuce. Sai dai facin ba ya isa kowace waya, kuma wayoyin da ya fi tsallakewa su ne irin waɗanda ke hannun talaka: masu araha, da na hannu, da waɗanda 'yan uwa ke aikowa daga ci-rani.

Giɓin da aka sa wa suna BlueBorne

Ranar 12 ga Satumban 2017 kamfanin tsaron intanet na Armis ya bayyana cewa masu bincikensa, Ben Seri da Gregory Vishnepolsky, sun gano kurakurai takwas a yadda manyan manhajojin Android da Linux da Windows da tsohuwar manhajar iPhone ke sarrafa Bluetooth. Sun haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, BlueBorne. Kamfanin ya ƙiyasta cewa na'urori sama da biliyan 5 abin ya shafa a lokacin.

Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne sauƙin hanyar. Ba a buƙatar mai waya ya latsa wani adireshi, ko ya sauke wata manhaja, ko ya amince a haɗa wayarsa da ta wani. Ba a ma buƙatar wayar ta kasance tana bayyana kanta ga na kusa. Sharaɗi biyu ne kawai: Bluetooth na kunne, kuma mai kutsen yana kusa, kimanin mita 10 a yawancin wayoyi.

A wani bidiyon gwaji da Armis ya fitar, an ga mai bincike ya karɓe ragamar wata wayar Android daga kwamfutarsa, ya kunna kyamararta ya ɗauki hoto, sannan ya kwashe hoton zuwa wurinsa.

Google ya fitar da facin Android a watan Satumban 2017. Microsoft ya riga ya toshe nasa tun watan Yuli na shekarar. Wayoyin iPhone da ke kan iOS 10 zuwa sama kuwa abin bai shafe su ba. Amma bayan shekara guda, a Satumban 2018, Armis ya ce har lokacin na'urori fiye da biliyan 2 ba su samu faci ba.

Yadda kuskuren yake

Idan aka ce "memori" a kasuwar waya, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne ɗan katin da ake loda wa waƙoƙi da fina-finai. Ba shi ake nufi a nan ba. Kowace waya da kwamfuta tana da ma'ajiyar wucin gadi, inda take ɗora abin da take aiki a kai a daidai wannan lokacin. Ma'ajiyar a rarrabe take gurbi-gurbi, kowane gurbi da girmansa, kuma suna jere kafaɗa da kafaɗa.

Duk saƙon da ya shigo ta Bluetooth ko Wi-Fi ko layin intanet, sai babbar manhaja ta ware masa gurbi kafin ta duba abin da ke ciki. Aikin nan kamar na mai awo ne a kasuwar hatsi. Idan ya ajiye tasa mai cin tiya ɗaya, aka juye mata tiya ɗaya da rabi, rarar za ta zube cikin tasar da ke gefe. A kasuwa asarar 'yar kaɗan ce. A cikin waya kuwa, gurbin da ke gefe yana iya zama inda na'urar ta rubuta umarnin da za ta bi na gaba. Wanda ya san tsarin ma'ajiyar zai iya shirya saƙonsa ta yadda abin da ya zube zai zama umarninsa ne, sai wayar ta bi shi tana zaton nata ne.

Ɗaya daga cikin kurakuran BlueBorne a Android, mai lamba CVE-2017-0781, ya nuna ƙanƙantar abin. Manhajar tana ware gurbi daidai tsawon saƙon da ya shigo, amma sai ta fara rubuta saƙon bayan ta tsallake baiti 8 daga farkon gurbin. Saboda haka baiti 8 na ƙarshe suna faɗawa gurbin maƙwabci. Baiti ɗaya wurin harafi ɗaya ne na boko. Wurin haruffa takwas ke nan, ƙasa da tsawon kalmar Madarunfa, ya isa a ƙwace waya.

Sashen sadarwa ya fi kowane sashe haɗari saboda shi ne mai tsaron ƙofa. Dole ya karɓi saƙo daga baƙo ya buɗe shi kafin ya san ko na kirki ne, kuma yana aiki ne da iko mai yawa a cikin na'urar. Kuskure a manhajar lissafi ko ta wasa yana jiran mai waya ya buɗe ta. Kuskure a sashen sadarwa ba ya jiran kowa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A Nuwamban 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta wadda ta yi amfani da irin wannan ambaliya, ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000 a lokacin da intanet ɗin duniya gaba ɗaya bai wuce kwamfutoci kimanin 60,000 ba. Shekara 30 bayan haka, a 2019, Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na giɓin tsaron da yake toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa ma'ajiya suke tasowa.

An toshe ɗaya, wani ya ɓullo

A Fabrairun 2020 kamfanin ERNW na Jamus ya sanar da wani giɓin a Bluetooth na Android, wanda mai bincike Jan Ruge ya gano, aka sa masa suna BlueFrag, mai lamba CVE-2020-0022. Wannan karon kuskuren yana wurin harhaɗa saƙo ne. Idan saƙo ya yi tsawo, ana yanka shi gunduwa-gunduwa a turo, sai wayar da ta karɓa ta sake haɗa shi. Lissafin tsawon gunduwar ƙarshe ne ya karkace, har manhajar ke rubutu a wajen gurbin da ta ware.

A wayoyin da ke kan Android 8 da 9, ana iya amfani da giɓin a sa wayar ta bi umarnin baƙo. A Android 10 kuwa iyakar abin da aka nuna shi ne durƙusar da sashen Bluetooth ɗin. Mai kutsen yana buƙatar sanin lambar shaidar Bluetooth ta wayar, amma ERNW ya ce a wasu wayoyin ana iya gano ta daga lambar shaidar Wi-Fi. Google ya fitar da faci a wannan watan na Fabrairu.

Android 8 da 9 sun fito ne a 2017 da 2018. Wayoyin waɗannan shekarun su ne yanzu ke cika teburan masu sayar da na hannu.

Inda facin ke tsayawa a hanya

Idan Google ya yi wa Android faci, ba kai-tsaye yake shiga wayoyin duniya ba. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauki facin, ya daidaita shi da samfurinsa, ya gwada, sannan ya tura. Wannan aiki yana cin kuɗi, kuma ribar da ke kan waya mai araha ba ta da yawa. Shi ya sa wayoyi masu tsada ke samun faci na shekaru, masu araha kuma a daina tura masu da wuri. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024, amma kuɗin irin waɗannan wayoyi ya fi ƙarfin yawancin masu saye a karkarar Maraɗi.

Gundumar Madarunfa na kan hanyar da kaya ke bi tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya. Wayoyi na shigowa daga kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi, sababbi da na hannu. Wasu kuma tsaraba ce daga ɗa ko ƙane da ke Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Legas: ya sayi sabuwa, ya aiko wa gida tsohuwar. Kafin wayar ta iso hannun mai ita na biyu ko na uku, sau da yawa kamfanin ya daɗe da rufe littafinta.

Ko da facin yana nan, akwai wani shingen. Sabuntawar babbar manhaja takan ci ɗaruruwan megabait, ga wanda ke sayen data ta kwana ɗaya don ya saurari saƙon murya. Tana kuma buƙatar caji mai yawa, ga wanda ke kai wayarsa shagon caji ya biya. Wasu kuma sun taɓa ganin wayar da ta yi nauyi bayan an sabunta ta, sai suka ɗauki sanarwar sabuntawa a matsayin abin da ake kawarwa da yatsa.

Sannan babu wata alama da ke nuna matsala. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, ma'ana wayar da ta fito tun 2015 tana iya ci gaba da aika saƙo lafiya lau. Mai ita yana ganin tana kira, tana karɓar hoto, don haka a wurinsa ƙalau take. Sabunta WhatsApp ko Facebook ba ya taɓa sashen Bluetooth, domin shi a cikin babbar manhaja yake.

Darasin WannaCry ga shagunan kwamfuta

Ba wayoyi kaɗai abin ya shafa ba. Shagunan buga takardu, da na tura fina-finai da waƙoƙi, da ƙananan ofisoshi, da yawa suna aiki ne da tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7, wadda Microsoft ya daina yi wa faci tun 14 ga Janairun 2020. Wa'adin Windows 10 ma 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya sanya.

Abin da ya faru a 2017 ya nuna inda sakaci da faci ke kaiwa. A sashen Windows da ke raba fayil tsakanin kwamfutocin da ke haɗe da juna, mai suna SMB, akwai kuskuren ma'ajiya da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gano ta kuma ƙera makamin kutse a kai, wanda aka sani da EternalBlue. Microsoft ya fitar da faci ranar 14 ga Maris ɗin 2017. Wata guda bayan haka wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet.

Ranar 12 ga Mayu manhajar WannaCry ta ɓarke. Tana shiga kwamfuta ta wannan giɓin, ta kulle fayilolin da ke ciki, ta nemi fansar dala 300 ta Amurka, sannan ta tsallaka zuwa kwamfutar gaba da kanta. Hukumar 'yan sandan Turai ta Europol ta ce ta shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kimanin 19,000, kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ya dakatar da yaɗuwarta bayan ya gano wani adireshin intanet da ke ɓoye a cikinta ya yi masa rajista. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Facin ya kusa wata biyu da fitowa kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba, kuma mafi yawansu a kan Windows 7 suke.

Irin wannan giɓi bai ƙare ba. A Agustan 2024 Microsoft ya toshe wani a sashen Windows da ke karɓar saƙonnin intanet na tsarin IPv6, mai lamba CVE-2024-38063, wanda aka ba makin haɗari 9.8 cikin 10, domin saƙo kawai ake turo wa kwamfutar ba tare da mai ita ya yi komai ba.

An taɓa gani a Togo

Wanda ke ganin wannan matsalar Turawa ce, sai ya duba Togo. A Mayun 2019 WhatsApp ya toshe wani kuskuren ma'ajiya a sashen kiran murya na manhajarsa. Kira kawai ake yi wa mutum, ko bai ɗauka ba, manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ta shiga wayarsa. WhatsApp ya ce an kai wa mutum kimanin 1,400 hari ta wannan hanya, ya kuma maka kamfanin a kotu a Amurka a Oktoban 2019.

A 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke jami'ar Toronto, tare da jaridun Le Monde da The Guardian, suka bayyana cewa cikin waɗanda aka yi wa harin akwai 'yan Togo, har da Bishop Benoît Alowonou na Kpalimé da wasu 'yan adawa. Wannan giɓin a manhajar WhatsApp yake, ba a babbar manhaja ba, amma asalin cutar ɗaya ce: saƙo daga waje ya zarce gurbin da aka ware masa.

Abin da ke cikin wayar

Harin Bluetooth yana buƙatar ƙwarewa da kusanci, saboda haka ya fi damfarar yau da kullum wahala, irin wadda ake kiran mutum a ce an turo masa kuɗi bisa kuskure ko a nemi lambar sirrinsa. Amma bayanin yadda BlueBorne ke aiki ya daɗe a fili a intanet, kuma wuraren da mutane ke cunkushewa da wayoyi a aljihu, tasha da kasuwa da shagon caji, su ne irin wurin da mita 10 ke isa.

Wayar gida a yau ba ta kira ba ce kawai. A cikinta ake samun saƙon da ke ɗauke da lambar karɓar kuɗi daga Nita ko Amana, da asusun Airtel Money ko na Moov, da hoton katin shaida da aka tura wa wani don cike takarda, da saƙonnin muryar da ke faɗin nawa aka aiko da ranar da za a je karɓa. A gundumar Madarunfa, inda ƙauyukan bakin iyaka suka sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, sanin gidan da kuɗi ya shigo wa bayani ne mai tsada.

Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun Yulin 2019, wadda ta haramta kutsawa cikin na'urar wani, tana kuma da hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP. Doka dai tana zuwa ne bayan ɓarna, kuma kutsen da aka yi ta giɓin ma'ajiya ba ya barin alamar da mai waya zai gani balle ya kai ƙara.

Abin da mai waya zai iya yi

Matakin farko shi ne duba ranar facin ƙarshe. A wayar Android, a shiga Paramètres ko Settings, a gangara zuwa sashen bayanin waya, a nemi layin da ke nuna ranar sabuntawar tsaro ta Android. Idan ranar ta gaza Satumban 2017, wayar ba ta samu facin BlueBorne ba. Idan tana kan Android 8 ko 9 kuma ranar ta gaza Fabrairun 2020, ba ta samu na BlueFrag ba.

Idan akwai sabuntawa da ke jira, a nemi wurin da ke da Wi-Fi a saka ta, wayar na jone da caji. Idan kamfanin ya daina turowa, maganin da ya rage kyauta ne: a kashe Bluetooth da zarar an gama tura abu ko sauraro, musamman a cikin taro. Giɓin ba ya aiki idan Bluetooth a kashe yake.

Ga masu aiko wa gida waya daga waje, ranar facin ta cancanci a duba ta kamar yadda ake duba batir da gilashi. Wayar da za a riƙa karɓar kuɗi da ita ya kamata ta zama wadda har yanzu ke samun sabuntawa, ko da ba ta kai tsohuwar kyan kyamara ba. Tsohuwar kuma a bar ta ga kallo da sauraro, a cire mata asusun kuɗi da hotunan takardu.

Masu gyaran waya ma suna da rawar takawa, domin su ne mutane ke tambaya kafin su saya. Mai gyaran da ya nuna wa abokin cinikinsa inda ranar facin take ya yi masa aikin da babu kamfanin da zai zo Madarunfa ya yi. Masu shagon kwamfuta da ke kan Windows 7 kuwa, idan sauya manhaja bai samu ba, gara su raba kwamfutar da intanet, su kuma riƙa kwafe muhimman takardu a wata ma'ajiya daban da ba ta jone da ita.

Gyara daga tushe

Yawancin sassan sadarwa na manyan manhajoji an rubuta su ne da harsunan kwamfuta na C da C++, waɗanda ke barin lissafin gurbi a hannun mai rubutu. Idan ya yi kuskure, babu abin da zai tsayar da shi. Shi ya sa kamfanoni suka fara komawa harsunan da ke hana ambaliyar tun kafin manhaja ta fita, musamman Rust. Google ya fara karɓar Rust a Android a 2021, Linux kuma ta buɗe masa ƙofa a Disamban 2022. Google ya ce kurakuran ma'ajiya sun sauko daga kashi 76 cikin 100 na giɓin Android a 2019 zuwa kashi 24 a 2024.

Wannan ci gaba yana cikin sababbin wayoyi ne. Kafin su sauko hannu na biyu da na uku su iso kasuwannin kudancin Maraɗi, za a ɗauki shekaru, kuma wayoyin 2017 da 2018 za su ci gaba da aiki muddin ana samun batir da gilashin canji. A tsawon wannan lokacin, tsaron wayar yana hannun mai ita da wanda ya aiko masa da ita.